Shekarar da Na Sayo Mana Gida a Guangzhou

Akwai maganar da ke yawo a dangin babanku tun kuna ƙanana, wai girman kai ne ya hana ni kai ku gidan gado a Kano, wai na je China aka yaudare ni na ƙarar da jarina a kan akwatin ƙarfe. Na san kun ji, domin ke Nafisa kin taɓa tambayata a fakaice ranar sunan ɗanki na fari, na ce miki ba lokacinsa ba ne. Yanzu da ciwon ƙafa ya zaunar da ni, babanku kuma ya riga mu gidan gaskiya, bari in ba ku labarin shekarar nan yadda ta kasance, ku ji daga bakin wadda ta yi cinikin.

Matar soja ba ta shuka bishiya, abin da na tarar ana faɗa wa amare ke nan a bariki, kuma na gan shi da idona. Tun da na auri babanku, Saje Garba, ba mu taɓa zama wuri ɗaya har labule ya tsufa a jikin taga ba. Jos, Makurɗi, Zariya, Abakaliki, Yola, duk inda sigina, wato umarnin canjin wurin aiki, ta ce, nan muka nufa. Idan an yi sa'a a tarar da ɗaki a bariki, idan ba a yi ba mu kama haya a bayan gari, mai gida ya karɓi kuɗin shekara cif, kafin shekarar ta ƙare a sake ɗauke mu, abin da ya saura kuwa ya tafi ke nan. Gadona na aure a bayan mota ya karye. Akwatin littattafan Umar ruwan sama ya jiƙa shi a hanyar Makurɗi, muka shanya su a rana kamar kuɓewa. Akwai garin da muka kwana a ɗakin ajiyar kayan makaranta har wata ya kusa ƙarewa, Hafsatu tana tari, ni ina toshe ramin ɓera da tsumma. Ban taɓa yi wa babanku ƙorafi ba, domin shi ma ba son ransa ba ne. Sai dai na kama sana'a. Na fara da sayar wa matan bariki kayan yara, abin ya yi albarka har muka haɗa shago da ƙanena Sani a Kwari, ni nake zuwa Guangzhou in saro, shi ya sayar.

A waccan shekarar na je saro kayan sallah. Masaukina a unguwar Dengfeng yake, hawa na sama a wani tsohon bene, ɗaki ɗaya muka raba da Hajiya Mariama, 'yar kasuwa daga Maraɗi, mace mai jiki da dariya, wadda ba ta fita sai da ledar goronta. Kullum da sassafe mu shiga metro, jirgin ƙasa na cikin gari, mu tafi kasuwar Shahe, inda masu tura kaya ke bin ƙafar mutum da amalanke suna ihu, daga nan mu gangara manyan kantunan Guangyuan. Na riga na zaɓi riguna da takalman yara, na ba da kafin alƙalami, sai ɗaure kaya ya rage. Ran nan da la'asar, muna dawowa ke nan na tuɓe takalmi, waya ta yi ƙara. Babanku ne, a wurinsu gari bai daɗe da wayewa ba.

"Maman Nafisa, sigina ta fito," in ji shi. "An mai da ni sabuwar runduna, wani ƙaramin gari can kudancin Bauchi. Wurin sabo ne, ko ɗakin iyali ɗaya ba a gina ba. Garin kuma babu gidan haya na kirki."

Na ce, "To, mu fa?"

Ya ce, "Na yi magana da Yaya Sabo. Ya ce ki kwaso yara ku dawo gida Kano, akwai ɗakin marigayiya Inna. Ni in tafi ni kaɗai, in riƙa leƙo ku in an ba ni hutu. Ina ganin hakan ya fi, kin gaji, yaran ma sun gaji."

Yaya Sabo wan babanku ne, kuma ban taɓa zarginsa da mugun nufi ba, har gobe. Amma na san abin da "in riƙa leƙo ku" take nufi, domin na ga gidajen da aka yi wa haka. Na ga sojan da ya zama baƙo a wurin 'ya'yansa, ya zo hutu yara na ɓuya a bayan uwarsu. Babanku a lokacin hawan jini ya fara kama shi, mutum ne da in ba a ajiye masa magani kusa da kofin shayi ba, ba zai sha ba. Ke Nafisa kina ajin ƙarshe a sakandare, Umar ya shiga shekarun da yaro ke bukatar ya ji takun ubansa a tsakar gida. Na ce wa babanku ya ba ni lokaci in yi tunani, na ajiye waya, na je na tsaya a bakin taga don kada Hajiya Mariama ta ga idona.

Daga tagar nan ana hango wani fili da ake gini. Duk zuwan da nake yi ina ganin dogayen ɗakuna farare masu shuɗin rufi a gefen filin, inda leburori ke kwana, da kayansu a shanye a jikin ƙarfe. Ran nan ginin ya ƙare, sai na ga mutane a kan ɗakunan suna kwance su. Wannan ya sauke rufi, wancan ya zare bango falle-falle, suna jerawa a bayan mota kamar faranti. Kafin magariba inda ɗakunan suke ya zama fili fetal, motar ta tashi da gidan mutane a bayanta. Na tsaya ina kallo har ta sha kwana.

"Hajiya Rabi, mi kike kallo haka tun ɗazu?" in ji Hajiya Mariama.

Na ce, "Gida nake kallo, Hajiya. Ga shi can yana tafiya."

Na kwashe labari na gaya mata. Ta saurara tana tauna goro, da na gama ta ce, "Ke, wanga abu na leburori ne. Matar saje guda da ɗiyanta cikin gwangwani? Zafin ƙasarmu fa? Gasa ku zai yi kamar gurasa."

Na ce, "Mu je mu gani tukuna. In gwangwani ne idona zai gaya mini."

Washegari maimakon Shahe, ofishin Alhaji Musa muka nufa, mutumin Kumasi ne, ɗan zango, shi ke loda mana kaya a jirgin ruwa tun fara zuwana. Ya ji bayanina bai yi dariya ba, abin da ya sa nake yi masa addu'a har yau. Ya ce ya taɓa aika wa wani kamfanin haƙar ma'adinai irinsu, ya san inda ake ƙerawa, can hanyar Foshan. Ya bar aikinsa ya ɗauke mu a mota, shi ne tafintanmu.

Masana'antar wata mata ce ke riƙe da ita, gajeriya mai gashi a yanke, kowa na kiranta Lauban, wato shugaba. Ta tarbe mu da nihau, gaisuwarsu, da ruwan shayi, ta zagaya da mu. Na farko da ta nuna mana, wallahi zuciyata ta so shi. Ana buɗe shi gefe da gefe kamar fukafukai, sai ga falo, ga ɗakuna, ga bayi da madafa, har da tayil. Hajiya Mariama ta zauna a kujerar ciki ta ce ita a bar ta nan. Amma da Alhaji Musa ya faɗi kuɗinsa, ya ƙara da cewa shi kaɗai zai cinye kwantena guda, na fito ban waiwaya ba. Na biyu mai araha ne, naɗe shi ake yi ya kwanta kamar tabarma, a ɗaga shi ya miƙe cikin ɗan lokaci. Lauban ta sa aka yi mana gwaji, wani babban injin ɗaga kaya ya saƙale shi da ƙugiya ya ja sama, ɗaki ya tsaya. Kowa ya tafa. Ni kuwa injin nake kallo.

Na ce, "Alhaji, tambaye ta, in babu wannan injin, mutum nawa za su ɗaga shi?"

Ya tambaya, ta girgiza hannu ta ce, "Meyo, meyo." Babu, ke nan. Sai da inji.

Na ce, "To ba nawa ba ne. Inda ake kai mu, ko mai faci sai an yi tafiya kafin a samu, balle wannan."

Na sha loda kayan gida a bayan mota fiye da yadda zan iya tunawa, na san duk abin da hannun mutum ba zai ɗaga ba, watarana a baya za a bar shi. Na ce ta nuna mini irin na leburori, wanda ake kwancewa da sifana. Ta dube ni da mamaki, ta kai mu can bayan masana'anta. Shi ba kyau gare shi ba. Ginshiƙan ƙarfe ne da noti, sai bango falle-falle da ake zurawa a tsakaninsu. Na ce Hajiya Mariama ta kama gefe ɗaya na fallen bango, na kama ɗaya, muka ɗaga. Ya ɗagu. Muka taka da shi har bakin ƙofa muka dawo, ma'aikata na leƙowa suna dariya, mata biyu da lulluɓi suna yawo da bango. Daga nan na koma kan maganar zafi. Bangon iri biyu ne, kowanne ƙarfe ne ciki da waje, amma ɗaya farin soso ne a tsakani, ɗaya kuwa wani abu kamar auduga mai kauri, wai daga dutse ake yin ta. Na roƙi guntun kowanne, na ari ashana a wurin wani ma'aikaci. Soson nan yana jin wuta ya narke yana ɗiga da baƙin hayaƙi. Audugar ta yi baƙi kawai ta ƙi ci. Na tuna risho, na tuna Hafsatu da son wasa kusa da murhu, na ce mai audugar nake so ko da ya fi tsada, kuma a ƙara mini taga a kowane bango don iska ta ratsa.

Nan ciniki ya tsaya. Lauban ta ce su ba sa ƙera ɗaki biyu kacal, sai mai saye da yawa. Na roƙa, ta ce meyo. Alhaji Musa ya sa baki, ta ce meyo. Har mun juya za mu tafi, sai na hango wasu biyu a jingine a gefen katanga, ƙura ta rufe su, fentin ɗaya ya kwarzane. Ashe masu audugar ne, na nuni, da aka kai wata kasuwar baje koli aka dawo da su. Na ce su nake so, a yadda suke. Ta tambayi Alhaji wai me mace za ta yi da ɗaki biyu, shago ne? Na ce ya gaya mata mijina soja ne, yarana uku, kuma tun da aka haife su ba su taɓa kwana a ɗakin da ba za a ce su tashi ba. Da ya fassara, ta daɗe tana kallona. Ta ciro waya ta nuna mini hoton wani yaro, ta ce ɗanta ne, yana can ƙauye wurin kakarsa, sau ɗaya take ganinsa a shekara. Sai ta ja na'urar lissafi ta buga farashin da zan iya, ta ce tagogin kyauta ne.

A mota Alhaji Musa ya gaya mini abin da na riga na sani.

"Hajiya, gurbinki a kwantena ba zai ɗauki gida da kayan sallah tare ba. Kuɗinki ma ba zai ɗauka ba, ga kwastan na jiranki a Legas. Ɗaya za ki zaɓa."

Hajiya Mariama ta ce, "Ki yi tunani, ƙawata. Wanda ya rasa kasuwar sallah ya rasa shekara. Ƙanenki ba zai zauna da shago wayam yana jiranki ba."

Na ce na ji. Amma kafin komai sai na nemi izinin mai gidana, domin ban taɓa yin abu a bayan idonsa ba, kuma ina so ku riƙe wannan, ko me aka gaya muku. Da muka isa masauki na kira shi na zayyana masa komai. Da farko ya ɗauka wasa nake.

"Gida a cikin jirgin ruwa? Maman Nafisa, ina za ki kafa shi? Ƙasar bariki ta gwamnati ce."

"Ba a bariki ba. Duk barikin da muka zauna akwai gonaki a bayansa. Hayar fili ba ta kai hayar ɗaki ba. In an tashe mu, mu kwance abinmu mu tafi da shi."

"Dariya za a yi mini. A ce Saje Garba ya zuba iyalinsa a akwati."

"Da muka kwana a ɗakin ajiyar makaranta, wa ya yi dariya? Ba wanda ya ma san muna ciki. Baban Nafisa, in ka ce a'a, wallahi na bari, gobe in ɗaure kayan sallata in taho, in kai yara Kano. Amma ka faɗa mini da bakinka cewa ka yarda ka ƙarasa aikinka kai kaɗai, Umar ya girma kana jin labarinsa a waya."

Ina jin ƙarar bigila daga nesa a wajensa. Can ya yi gyaran murya.

"Jarinki ne fa gaba ɗaya."

"Na sani."

"To ki tabbata ƙofar tana da sakata mai ƙarfi. Ina shiga daji in bar ku."

Iznin ke nan, haka babanku yake ba da izni. Kayan sallar da na zaɓa Hajiya Mariama ta karɓe su, ta mayar mini da kafin alƙalamina ba ta rage ko sisi ba. Kwanakin da suka rage mini ban sake taka Shahe ba. Kullum ina masana'anta, na ɗaure mayafi a ƙugu, na sa aka kwance ɗaki ɗaya aka sake haɗawa a gabana, sannan na karɓi sifana na yi da hannuna. Tafin hannuna ya yi kanta, ƙarfe ya yanke ni a yatsa, tabon na nan. Na sayi jan fenti na shafa wa kowane ƙarfe alama a inda yake haɗuwa da ɗan'uwansa, don kada in rikice in babu mai nuna mini. Ranar da aka loda, Lauban ta ba ni jakar noti ta ƙari, na ce mata sheshe, wato na gode, ta riƙe hannuna da nata biyu.

Abin da ya biyo baya ba zan ɓoye muku ba. Sani ya ga sallah ta ƙarato babu kaya, ya nemi wani abokin haɗin gwiwa, kuma ban ga laifinsa ba, shi ma iyali gare shi. Rabona da shagon Kwari ke nan, rabona da Guangzhou ke nan, ban sake komawa ba. Na dawo sayar da ƙosai da kunu a bakin bariki, ni da nake hawa jirgin sama. Yaya Sabo ya yi fushi ya daina ɗaukar wayata har tsawon lokaci. Gidan kuma da zafi a watan bazara, duk da audugar, sai da muka yi masa rumfar zana a sama. Amma sau uku ana tashin babanku bayan nan, sau uku muna kwance gidanmu mu ɗora a mota, kuma har ya ajiye aiki ba a raba shi da ku ba, maganinsa bai taɓa tsallake safiya ba.

Kayan sun daɗe a hanya. Kafin su iso muna raɓe a ɗaki ɗaya a gidan wani malamin makaranta a sabon garin. Na samu fili a bayan bariki wurin wani manomi, Malam Buba, a gindin wata ɗorawa, na sa aka zuba daɓen siminti. Ranar da mota ta iso babanku yana daji bakin aiki, sai washegari zai dawo. Matan sojoji suka fito, yaran gari suka kewaye mu, wasu na cewa kejin kaji ne, wasu na cewa shagon caji. Na ɗaura ɗamara. Umar da 'ya'yan Malam Buba suna ɗauko ƙarfe, ni ina duba jan fenti ina cewa wannan nan, wancan can. Ke Nafisa kina miƙo noti, Hafsatu na riƙe da jakar ta ƙi ba kowa. Ranar farko ginshiƙai suka tsaya, muka zura bango. Rana ta biyu rufi ya hau, na ɗaura ƙofa da hannuna, na gwada sakata ta shiga ƙarau. Masu cewa keji suka fara leƙe ta taga suna tambayar nawa na saya. Muka share, muka shimfiɗa leda da tabarma, na kunna turaren wuta, na ɗora tukunya a waje.

Da la'asar sakaliya sai ga babanku ya taho cikin kaki, da ƙurar aiki a jikinsa. Ya tsaya daga nesa ya daɗe yana kallo. Ya zagaya bayan gidan, ya ƙwanƙwasa bango da yatsa, ya kama ginshiƙi ya girgiza da ƙarfinsa na soja, bai motsa ba. Mu duka muna ciki muna kallonsa ta taga. Ya zo bakin ƙofa, ga ta a buɗe, amma bai shigo ba. Ya durƙusa ya kwance igiyar but ɗinsa, ya cire su ya jera a gefe, ya cire hula ya riƙe a hannu, sannan ya miƙe ya ɗaga murya yadda duk wanda ke filin zai ji.

"Salamu alaikum, masu gida. A ba baƙo izni ya shigo?"

Hafsatu ta riga kowa amsawa, ta ce, "Baba, shigo mana, ai gidanmu ne."